Yashin Tsakar Gida

Zongo, Kotonu
Farkon Afrilu

Zuwa ga Yaya Assibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida na Djougou baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙaninki Baban Labiba, ya sa ya huta.

Na gwada yi miki saƙon murya, kuka ya hana. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatuna bai yi nisa ba. Wassiou direba zai kawo miki.

Takaba tana tafiya, alhamdu lillahi. Akwai labari mai daɗi, akwai kuma wanda ya hana ni sukuni.

Mai unguwa da dattawan masallaci sun yanke shawarar karrama 'yan Asabar a ƙarshen watan gobe. Kin san su, su ne masu fita kowace Asabar su yashe kwatocin unguwa, tun daga ƙofar masallaci har babbar kwatar da ke kai ruwa tafki. Da mutane dariya suke musu, ana ce musu ma'aikatan meri, wato hukumar gari, marasa albashi. Tidjani tela shi ke shiga ciki har ƙugu, ya fito ya yi wanka ya koma kan kekensa kamar ba shi ba. Iya Mamata mai koko ita ce maganin masu zubar da shara. Ta taɓa kwashe sharar wata mata daga kwata, ta kai mata har ƙofar ɗaki, ta yi sallama, ta ce mata ta manta kayanta a waje. Shi kuwa ƙaninki shi ke bin gida gida da lallami, kada a haƙa masai kusa da rijiya, kada makanikai su zuba baƙin mai a kwata. Yakan ce abin da muka zubar a Zongo shi za mu sayo a cikin kifi a kasuwar Tokpa. Wallahi sun cancanta, Yaya. Na ji daɗi har na yi kuka.

Amma ga inda damuwata take. Alhaji Kassoum ya ce shi zai yi wa ƙaninsa tasa karramawar. Zai shimfiɗe tsakar gidan nan da siminti da karo, wato tayil, daga zaure har bakin rijiya, a kafa allo da sunan marigayi.

Yaya, yashin tsakar gidan nan shi ne abin da ƙaninki ya tsare duk rayuwarsa. Duk layinmu an yi siminti, mu kaɗai muka rage. Tun ina amarya nake masa mita, yashi a shinkafa, yashi a gado. Sai ya yi dariya ya ce in ƙasa ba ta sha ba, me za ta ba rijiya? Duk bayan ruwan sama sai ya ɗauki manjagara ya sassauta shi. Kuma ranar da famfo ya ɗauke, a gidan nan layin bokiti ke tsayawa, Musulmi da Kirista, masu wanki da masu alwala.

Gidan gado ne, ba ni da ta cewa. Ga takaba, ba ni da damar zuwa wajen taro. Ke kika goya su su biyun, Alhaji ba ya tsallake maganarki. Don Allah ki sa baki.

Labiba tana gaishe ki. Ki gaida yara.

Taki,
Rahina

Zongo, Kotonu
Ƙarshen Afrilu

Yaya Assibi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan jiki da sauƙi. Man zafin da na aiko yana da kyau in an shafa bayan an gasa wurin.

Wassiou ya ce an karanta miki takardata, kika ce to. Na yi ta juya wannan to ɗin, ban gane ba.

Ran Litinin ɗin da ta wuce aka jibge buhunan siminti a zaure, magina suka zo da kayan aiki. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki tabarma da carbi, na fito da farin mayafina, na zauna a tsakiyar yashin. Shugaban maginan ya leƙo ya gan ni, Labiba ta gaya masa mai takaba ce. Bawan Allah ya cire hularsa, ya ja baya, ya ce shi ba zai ta da matar mamaci daga inda take addu'a ba. Tun ranar nan nake wuni. Iya Mamata in ta sayar da kokonta sai ta zo ta taya ni zama. Ta ce in an ga dama a shimfiɗa karon a kanmu, ita dama bayanta yana son a danna shi.

Shekaranjiya Alhaji ya zo da kansa. Bai shigo ba, ya tsaya a zaure ya juya baya, muka gaisa. Na zaci faɗa zai yi. Ashe ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ce ya ba ƙaninsa mota ya ƙi, ya ce ya bar dillancin albasa ya riƙe masa shago a Ganhi ya ƙi, ya yi masa tayin gida a Vêdoko ya ƙi. Ranar jana'iza kuma ya ji da kunnensa ana cewa ga ɗan'uwan mai kuɗi amma gidansa yashi kamar ƙauye. Ya tambaye ni ko bayan rai ma ba za a karɓi komai daga hannunsa ba. Na dai ce masa marigayi bai taɓa ƙin sa ba, siminti ya ƙi. Ya ce ba zai ta da ni ba, zai jira in fita takaba.

To takabar saura kaɗan. Ranar da na fita, tabarmata ta zama tabarma kawai.

Jiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Gidajen maƙwabta suka yi ta amayo ruwa titi, har zemijan, masu baburan haya, suka daina bi. Namu ya taru, ya tsaya jim kaɗan, sannan ya nutse yana 'yar ƙara kamar mai shan koko. Da ya ɗauke na ɗauko manjagarar. Inda marigayi yake riƙewa ya yi sumul. Ban iya kamar shi ba, amma na yi.

Ki yi min addu'a, ki kuma yi magana.

Ƙanwarki,
Rahina

Zongo, Kotonu
Ƙarshen Mayu

Yayata Assibi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina fata kin tashi lafiya, gwiwa kuma ta lafa. Na fita takaba lafiya, na ga turmin atamfa da kika aiko, Allah ya saka da alheri.

Yanzu na gane to ɗinki. Ashe ba ki hana Alhaji komai ba. Cewa kika yi kafin ya sa karo ko ɗaya, ya fita Asabar guda ya tsaya a gurbin ƙaninsa. Shi ya gaya wa Tidjani, Tidjani ya gaya wa duk Zongo.

Ya fita kuwa. Ya aiko aka karɓi takalman robar marigayi, sun matse shi amma ya sa. An kwana ana ruwa, kwata ta cika. Tidjani ya ce bai raga masa ba, ya ba shi shebur ya nuna masa inda kowane gida ke turo ruwansa da ledarsa. Da hantsi ya shigo gidan nan don ya wanke jiki, baƙi ƙirin har ƙirji. Iya Mamata ta toshe hanci ta tambaye shi wannan turaren daga Makka ya zo da shi ko daga Dubai. Ya yi dariya, ya jawo guga da kansa. Da ya gama sai ya tsaya ƙafa ba takalmi, yana kallon ruwan wankan yana shigewa ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tafi.

Ran Juma'a, ana gobe taro, na ji babbar mota tana ja da baya a ƙofar gida. Na ce shi ke nan, karon ya iso, ga shi ba ni da sauran hujjar zama. Labiba ta fita, ta dawo tana dariya tana hawaye. Yashi ne, Yaya. Tifa guda cike da yashi mai tsabta. Simintin kuma ya sa an gyara murafun kwata da suka karye, aka ɗaga bakin rijiya.

A tsakar gidan nan aka yi taron. Liman ya yi addu'a, mai unguwa ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Tidjani ya sami sababbin takalman roba, ya ce da ma keken ɗinki aka ba shi, ai ƙafafunsa sun saba. Iya Mamata da aka miƙa mata nata sai bakin nan ya mutu, ta rufe fuska da gyale. Allon yana jikin rijiya, da sunayensu duka, ba na marigayi kaɗai ba. Alhaji ne ya ce a yi haka. Da aka kira sunan ƙaninki, Munzali, sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba, Alhaji ya tashi ya ɗebi yashi a daro ya zuba a gindin rijiya. Sai kowa ya bi, maza da mata, har maginan nan, har tifar ta ƙare. Ya ce duk shekara kafin damina zai aiko da wata, wannan dai ƙaninsa ba shi da bakin ƙi.

Yau da rana ina cin shinkafa na tauna yashi. Na buɗe baki zan yi mita, sai na ga ba wanda zan yi wa. Na haɗiye, na cinye abincina.

In gwiwa ta bari ki zo ki taka shi, yana da taushi. Labiba da Iya Mamata suna gaisuwa. Allah ya bar mana ke.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rahina