Agogon Ɗakin 'Yan Ƙwallo da Ƙafar Inno

Zuwa ga Yayana Ibrahima, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ka gafarce ni da na ɗora maka damuwa bisa wadda kake ciki. Da akwai wanda za ni kai wa maganar nan bayan kai, wallahi da ban taɓa ka ba. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Sodangi direba wagga takarda. Ina roƙon Allah ta iske ka lafiya, kai da Maijidda da yara. Mu nan muna godiya ga Allah. Lailatu ta sauke izu goma, tarin ƙaraminmu ya lafa. Mahaifiyarmu Inno ce ba lafiya.

Ka san tun da munka gudo daga Gatawa anka sauke mu a filin ƙwallo na nan Isa, cikin ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya. Mu da waɗansu gidaje munka raba shi da zannuwa. Kwanakin baya wani mai neman kujera ya kawo wa filin kyautar babban allo mai nuna ci, da agogo mai jajayen lambobi da za a kafa a ɗakin da muke kwana. Kwamitin filin sunka nemi mai aikin wuta, sai anka nuna musu maigidana, baban Lailatu. Aikinsa na fari ke nan tun barinmu gida. Na ga yadda ya wanke rigarsa da kansa, shina murna. Amma ni da shi duk mun san ba don mu ake gyara ɗakin ba.

Da ya kafa agogon, mata sunka yi ta sa masa albarka, wai mun samu abin duba lokacin salla. Ya bayyana mana cewa wanga ba ya faɗin ƙarfe nawa, mintocin wasa yake ƙirgawa da baya. Waya biyu gare shi: guda ta tafi wajen batirin sola, guda kuma doguwa ta bi ƙarƙashin ƙasa har teburin da ake danna maɓallan allo. Saboda ita ya haƙa rami daga bakin ƙofarmu zuwa gefen fili. A jikin agogon akwai ƙaho, wanda in lokaci ya cika yake busawa don 'yan wasa su fito. Ya roƙi shugaban kwamiti a bar ƙahon ba haɗi har mu tashi. Mutumin ya yi dariya, ya ce shi ba ya karɓar rabin aiki, kuma in baƙin nasa ba su son ƙara ai ƙofa buɗe take.

Yaya, kai ka daɗe da barin gida, ba ka san wanga ba. A Gatawa 'yan sa-kai sun ɗaure ƙahon babbar mota a kan bishiyar bakin gari. In ya busa, ma'anarsa mutanen daji, 'yan bindiga, sun iso, kowa ya ɗauki ɗansa ya ruga. To muryar ƙahon agogon nan ita ce sak. Ranar gwaji na bi labule labule na gargaɗi kowa. Inno ma na faɗa mata a kunne, ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce. Amma da ya busa bayan azahar, ni kaina da na yi gargaɗin sai na gan ni a waje ba takalmi, goye da ɗan maƙwabciya. Inno tana alwala. Ta yar da buta ta sheƙa tana kiran sunanka, wai ka ɓoye cikin dawa. Ta faɗa ramin wayar, ƙashin cinyarta ya karye. Samarin da ke wajen tebur sunka yi ta tafi saboda allo ya kama, ba su ko san abin da ya faru ba.

Maɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce tana buƙatar kwanciya wuri guda mai tsawo. Shugaban kwamiti ya leƙo da ledar lemu, ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya tuna mana mu fitar da kayanmu kafin Juma'ar buɗe gasa, don baƙi za su shigo su ga agogo. Baban Lailatu tun ranar bai haɗa ido da Inno ba. Ita ce ma take rarrashinsa, tana cewa aikin ya yi kyau. Ni ban ga laifinsa ba, amma in na ɗaga kai na ga yadda ya jera wayoyin nan tsaf, sai in kau da kai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ɗakunan nan naka biyu na Sakkwato suna kulle, makullin yana hannun surukinka Muzammilu. Na aika masa, ya ce ba ya buɗewa sai da izininka, don ka ce kayan shagonka na ciki. Ba ni neman komi sai kusurwar shimfiɗa tabarmar Inno. Ita ta hana ni faɗa maka, wai kar a ɗaga maka hankali. Ta ce in an kore mu a ɗora ta a amalanke a mai da ta Gatawa, tun da ba ta iya gudu yanzu, gara mutanen daji su iske ta a ɗakinta. Kuma ka san ta, in ta faɗa ba ta janyewa.

Ka gaida Maijidda, da Abdulrazak da Zulaiha. Lailatu da babanta suna gaishe ka.

Don Allah, Yaya, ka ba Sodangi amsa ya dawo da ita, ko ka kira Muzammilu. Kar ka jinkirta.

Ni ce ƙanwarka,
Mu'minatu