Tsuntsun Bayan Sarƙa

Jarwal, Makka
Muharram 1356

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Wad Madani. Yaya ƙafar taki? Mu dai alhamdulillahi, alhazai sun watse, sun bar mana tari da gajiya.

Tun da na bar ki a Sudan kike mini gori, wai na yar da ƙirar Baba na bi Indiyawa, ba ki kuma taɓa ganin ko zoben da na ƙera ba. To, sarƙar wuyan da muka yi da marigayi Mu'allim Abdulganiyyu, maigidana Ba'indiye, ta dawo shago. Matar da ta saya ta rasu, magadanta suka kawo ta bana.

Su Indiyawa har bayan sarƙa suke yi wa ado, wajen da ke kwanciya a fata, wanda mai ita kaɗai ke gani. A sassaƙa zinariya, a zuba garin gilas mai launi, a gasa. Gaban wannan sarƙar aikin Mu'allim ne, zumurrudu da yaƙutu masu siffar ganye. Bayan kuwa nawa ne, koren tsuntsu a kan reshe. Ban ƙara yin kamarsa ba, yanzu kuma idona ya ƙi.

Ɗan Mu'allim ke riƙe da shago. Duwatsun kawai yake so, don Turawan Faransa sun haukace a kan adon Indiya, dillalinsu na Jidda yana kwashewa. Aikina yanzu ke nan, in ɓamɓare dutse, in narkar da sauran. Na roƙe shi ya bar wannan har ki zo hajji baɗi, ya ce zai duba. Ki taya ni da addu'a.

Ƙaninki,
Mukhtaru

Rabi'ul Awwal 1356

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙafar ta sake kumbura, Allah ya sawwaƙe. Saudatu matata tana gaishe ki, ta ce ki daina zuwa rijiya da kanki, na ce mata ba ta san ki ba.

Maganar sarƙa ba ta yiwu ba. Ɗan Mu'allim bai yi mini wulaƙanci ba, har shayi ya zuba mini, ya ce ya riga ya ba dillali kalma. Ya nuna mini hoton irin abin da Turawa ke yi da duwatsun. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun iya. Ganyenmu ne, tsarinmu ne, sun dasa a wani farin ƙarfe siriri. Da na tambayi bayan, sai ya ce huji ne kawai don haske ya ratsa.

Ya so ya ba wani maƙeri don ya hutar da ni, na ƙi. Ni na cire duwatsun, ni na farfasa koren gilas ɗin, ni na hura wuta. Wallahi na gaji, Yaya, gajiyar da kwanciya ba ta magani.

Kafin in jefa zinariyar a kasko, na danna ta a kakin zuma. Sassaƙar ta fito, har ƙwayar idon tsuntsun, launin ne dai babu. Ga shi nan cikin gwangwani a hannun Alhaji Baraka, mai kawo miki wannan takarda. Na gargaɗe shi kan rana, amma kin san jirgin ruwa, kin san zafin tashar Sawakin.

In ya iso da siffarsa, ki ajiye shi a gindin randa, ki riƙa dubawa da sassafe. In kuwa kin buɗe kin tarar da dunƙulen kaki, don Allah kada ki gaya mini. Ki ce ya yi kyau.

Ƙaninki,
Mukhtaru