Hancin Mama da Cinyar Kirsimeti

Paarl, 7 ga Janairu

Yaya Clive,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Merle da yara. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya sa mun shigo wannan shekara a sa'a. Mu nan sai zafi, ga wuta ana ɗaukewa sau biyu a yini. Ƙafar Anti Doreen ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci. Ni dai a gajiye nake. Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda ka kira, Mama tana gefena ta kasa kunne.

Ka san cinyar aladen da take dafa mana kowace Kirsimeti, da kanumfari da abarba. Bana ma ta dafa, aka ci rabi, ta naɗe sauran a ƙyallen da ta jiƙa da ruwan kal mai tsami ta sa a firji kamar kullum. Na ce mata dafaffen nama kwana huɗu ko biyar ne iyakarsa, balle ga ɗauke wuta, ta bari in yayyanka mu sa a gidan ƙanƙara, in za ta ci ta ɗumama yanka ɗaya har ya yi tururi. Ta ce na yi shekara talatin ina gyara waƙafi a gidan jarida, yanzu na yi ritaya na dawo gyara mata tukunya. Anti Doreen ta taya ta, wai yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza wayo.

Ranar biyu ga wata na je gidanta, tun daga ƙofar kicin warin ya tare ni. Ashe cinyar gaba ɗaya take sakawa a wuta, ta huce, ta mayar firji, sau uku ke nan. Saman yana yauƙi, kusa da ƙashi ya koma toka-toka. Da na yi magana sai ta ɗauko tsinken saƙarta, ta soka har ƙashi yadda take yi tun muna yara, ta zaro ta kai hanci, ta ce lafiyarsa ƙalau. Yaya, ni da ke taku uku daga wurin sai da na toshe hanci. Ta riga ta ci da safe. Da rana amai ya fara, muka yi kwana biyu a asibiti ana mata ƙarin ruwa. An sallame ta, tana shan shayi da burodi.

A hanyar dawowa, tana kallon taga, ta ce: “Tun murar da na yi a watan Yuni ban ƙara jin ƙanshin komai ba, Valda. Kada ki gaya wa Clive.”

Wata shida tana sunsuna madara da kifi tana yanke hukunci, mu kuma muna yarda, domin a gidanmu ba a taɓa ja da hancin Mama ba. Amma naman ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Da gas take girki in an ɗauke wuta, kuma ita kaɗai take kwana a gidan nan. Wanda bai ji warin wannan cinya ba, ba zai ji gas ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, an ce, to ita yanzu ba za ta sani ba.

Na kwance tukunyar gas ɗin na kai gidana, na ce mata gyara za a yi. Wannan ƙarya ba za ta wuce mako ba. Na share mata ɗakin baya, sai dai in ni na ce ta dawo wurina, za ta ce raini ne. Kai take ji. Ka kira ta ranar Lahadi bayan coci, ka ce mata na faɗa maka komai. Za ta yi fushi da ni, na yarda, in dai a ɗakin bayana za ta yi fushin.

Ka gaida Merle, da Shireen, da ƙaramin Ashwin. Anti Doreen tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Valda