Gwaggo ta tambaya ko ka ji labari

Zuwa ga yayana Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya tare da Anti Fatima Zahra'u da yara. Allah ya ƙara rufa asiri a can Fatakwal. Mu nan Yankara alhamdu lillahi, masara ta yi kyau, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa gona da kanta.

Yaya, saƙonka ya iso ta bakin Inna. Ta ce ka ce na yanke zumunci, wai Kawu Yahya ya rasu a Sabuwa, kowa ya yi ta'aziyya a zauren dangi na waya ban da ni, kuma in ban koma zauren ba kada in ƙara kiranka yaya. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, shi ya sa na ɗauki biro.

Gaskiya ne, babbar wayar da ka aiko mini tana ƙasan akwati wata biyu ke nan. Ka san sau biyu ina faɗuwa jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Ba daƙiƙanci ba ne. Da na buɗe littafi sai waya ta yi ƙara: wannan ya turo wa'azi, wancan ya turo muryar wani yana rantsuwa an ga 'yan bindiga a hanya, in bi in duba, sai in ga la'asar ta yi ban gama shafi guda ba. Malama Hussaina, ungozomar asibitinmu, ita ta ara mini 'yar na'urar karatu da ba ta fi tafin hannu ba, ta zuba mini littattafan duka a ciki. Ba ta ƙara, ba ta karɓar saƙo, fuskarta kamar takarda, caji ɗaya kuma sai ta yi sati uku. Ina hura wuta ina karatu. Rabon da kaina ya zauna haka tun shekarar da aka yanke mana sabis ɗin waya.

Yanzu batun Kawu. Ban ga sanarwar ba, sai washegari maigidana ya jiyo a kasuwa. A ranar muka hau mashin, ka kuwa san hanyar Sabuwa da damina, kuma ka san abin da ake tsoro a cikinta. Na zauna gidan har aka yi sadakar uku, ina daka, ina wanke kwanoni, ina zaman makoki kusa da matarsa, Gwaggo Fatsuma. An ce mini mutum arba'in da wani abu sun rubuta Allah ya jiƙan rai a zauren, wasu ma hoton hannu kawai suka manna. Gwaggo ba ta ga ko ɗaya ba, don wayarta mai tocila ce, karatun boko kuma ba ta yi ba. Cikin 'yan zauren nan, mu huɗu ta gani da idonta.

Ranar da zan taho ta riƙe mini mayafi a zauren gidan, ta ce ko Abdulgafar ya ji labari kuwa, don ta san da ya ji da ya kira, shi da Kawu ya goya a keke zuwa firamare. Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Ban iya ce mata tun ranar ka rubuta ta'aziyyarka a zauren waya ba.

Saboda haka, Yaya, da girmanka da komai, ba zan koma zauren ba sai na gama jarrabawa, saura sati bakwai. In wayar kake so, direban motar hatsin da zai kawo maka takardar nan zai iya kawo maka ita. Yaya kuwa zan ci gaba da kiranka, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Inna tana gaishe ka, haka maigidana. A shafa mini kan Sadiq da Halimatu Sa'adiya. Na rubuta lambar Gwaggo a bayan takardar nan. Tana ɗauka bayan azahar.

Ƙanwarka,
Mansura