Allo a Ramin Yumɓu

Daren Talata, watan Rajab

Yau gwamnati ta kafa allo a ramin yumɓunmu na bakin madatsar ruwan Bakolori. Mata suka ce, "Ke da kika yi yaƙi da jahilci, karanta mana." Na bi baƙaƙen a hankali: wurin tarihi ne, an hana haƙa.

Ma'aikacin da ya kafa allon ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Baƙi za su zo, ki riƙa ginin tukwane suna kallo."

Na ce, "Da wace ƙasa, ɗan nan?" Ya juya ya tafi.

Ruwa ya cinye gonarmu, tukwanen nan ke ciyar da yarana. Gobe da asuba ɗiyata Hassi za ta ɗauko kwando mu tafi ramin. Ban gaya mata ba tukuna.