Na Tafi Makka da Kujerar Yayana

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da duk masu karanta wannan fili. Ina yi muku fatan alheri. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin duk abin da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina da wanda ya fi shi. Ka ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma ba namu ba ne, amma tsarinsu haka yake.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, amma a Gumel nake zaune, ina yi wa wani mai motocin kaya aikin malanta, wato rubutu da lissafi. Marigayi babanmu Abdu duk ɗan da ya haifa namiji Muhammadu yake raɗa masa. Na fari ya koma tun yana jariri, saura mu biyu: yayana Muhammadu Sani, da ni Muhammadu Salisu. Ni aka kai makarantar boko, shi ya zauna da gona da shanu da mahaifiyarmu. Inna tana fama da ciwon ƙafa da tari shekara da shekaru, kuma Yaya Sani ne yake gasa mata ƙafar, shi yake ɗora ta a jaki zuwa wurin mai magani, shi yake sanin ranta ya ɓaci tun ba ta buɗe baki ba. Ni kuwa sai salla-salla nake zuwa da sabulu da turmin atamfa, a yi ta sa mini albarka kamar na yi wani abu.

Shekarun baya kaɗan Inna ta ce za ta sauke farali. Ta sa aka kora shanun da ta gada zuwa kasuwar Maigatari, ta ce kujera biyu za a biya, tata da ta wanda zai riƙe ta. A gabana ta faɗa, muna zaune a tsakar gida: "Sani ne zai kai ni. Kai Salisu kana da ƙuruciya da aikin yi, Allah zai kira ka." Na ce madalla, har da murmushi, amma wallahi a ranar hassada ta shige ni. Ni da na san hanya, ni da nake jin Turanci, a ce ni zan tsaya ina ɗaga wa jirgi hannu?

Da yake ni ne mai karatu, ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu. Na je Kano wurin wani ejan mai shirya wa alhazai tafiya, fasfo uku a aljihuna: na Inna, da na Yaya, da nawa da na daɗe da yi saboda bin motocin maigidana zuwa Damagaram da gaba da nan. Akawun ofishin, wani dattijo mai fara'a, ya jawo tikitin mai rakiyar Inna ya duba ya ce, "Af, an bar sunan tsakiya. Muhammadu Abdu kawai aka rubuta. Ba komai, miƙo fasfon mai tafiyar in cike, sai a kai a buga biza." Jama'a, ba wanda ya tilasta ni. Hannuna ya shiga aljihu, ya taɓa na Yaya, ya wuce shi, ya fito da nawa. Ina tsaye ina kallo dattijon ya rubuta Salisu a tsakiya, ya ce Allah ya sa a je lafiya. Na ce amin.

Da na koma ƙauye sai na shimfiɗa ƙarya. Na ce mutanen Kano sun yi kuskure, suna ya faɗi, da suka zo cikewa suka ɗauki nawa maimakon nasa, kuma an riga an buga, ba ya gyaruwa, in aka matsa kujerar ta salwanta, Inna ma ba za a bar ta ta tafi ba muharrami ba. Na yi zaton Yaya zai yi faɗa, da ya yi ma da na ji sauƙi. Sai ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ɗago ya ce, "To, Allah bai kira ni bana ba. Da ni da kai ai duk ɗaya ne." Daga nan ya zaunar da ni yana koya mini: kada in ba ta ruwa mai sanyi, in riƙe ta ta hagu don ƙafar dama ce mai ƙarfi, in ta ce ba ta jin yunwa kada in yarda. Har rigar da ya ɗinka don tafiyar ya ɗauko ya ba ni. Wane irin mutum ne zai karɓi wannan rigar? Ni na karɓa.

Ya raka mu har filin jirgi na Kano, yana ɗauke da kayan Inna a ka. Da jirgi ya tashi, Inna ta damƙe hannuna saboda tsoro, da ya daidaita a sama sai ta juyo ta ce, "Salisu, da gaske ba a iya gyarawa?" Na ce, "Da gaske, Inna." Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "To, Allah ya sani." Ba ta sake tayar da maganar ba. A hanyar Ɗakin Allah na yi wa mahaifiyata ƙarya, kuma har yau ban sani ba ko ta yarda ko kawai ta rufa mini asiri ne.

A can na yi iya ƙoƙarina, amma ban iya ba. Wurin ɗawafi cikin turmutsitsi sai in ji ta ce, "Sani, riƙe ni," sannan ta tuna ta ce, "Au, Salisu." Bayan mun sauko daga Arfa zazzaɓi ya kama ta, tarin ya tsananta. Wata safiya abokan tafiya suka ce mu leƙa kasuwa sayen tsaraba, ta ce mini, "Kada ka yi nisa yau." Na ce yanzu zan dawo. Na tsaya ina taya rediyo da agogo, ina zaɓen hular da zan sa ranar da za mu sauka a Gumel. Ko da na komo masauki, na tarar matan ɗakin sun lulluɓe ta. Wata Hajiya 'yar Gagarawa da ta rasu a hannunta ta ce mini tana ta waiwayen ƙofa tana tambaya, "Sani ya zo?" A can aka binne ta.

Na dawo ni kaɗai da akwatinta. Yaya ya tare ni a tasha, ya rungume ni yana kuka, yana ba ni haƙuri, wai ni na sha wahala. Da ya tambaye ni yadda ta cika, na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, na ce a kan cinyata ta rasu tana sa mana albarka mu biyu. Ya ce alhamdu lillahi da ba ta rasu a hannun baƙi ba. Tun daga ranar bai sake kirana Salisu ba, sai Alhaji. Yayana, wanda ya goya ni, in na je ƙauye shi yake shimfiɗa mini tabarma. Duk lokacin da ya ce Alhaji sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Abinci ba ya yi mini daɗi, matata ta gaji da tambayar abin da ke damuna. Ina ta tunani, da shi ne ya je, zai bar ta ya tafi kasuwa? Da ba ta rasu tana kallon fuskar da take nema ba? Hajjin nan nawa ma, akwai shi kuwa?

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne, bana gero ya yi kyau, Yaya ya sayar da bijimansa, ya ce zai je ya yi wa Inna addu'a a ƙasar da take kwance. Na yi murna har na yi hawaye. Sai ya ce amma wannan karon tare za mu je Kano, kuma ofishin nan dai yake so. Na ce akwai wasu ejan da suka fi su. Ya ce, "A'a Alhaji, wurin mutumin nan da ya cike sunanka a maimakon nawa nake so ka kai ni. Ba faɗa zan yi ba. Na daɗe ina riƙe da shi a raina, har ina kai ƙararsa wurin Allah a cikin salla. Ba na so in je Ɗakin Allah da ƙullin wani. In faɗa masa sunana da bakina, in ce masa na yafe." Na bincika, dattijon yana nan a kujerarsa. Bawan Allah da bai yi komai ba sai taimako, shekaru ana kai ƙararsa saboda ni.

Bayan kasuwar Maigatari mai zuwa Yaya zai iso Gumel mu hau mota. In na faɗa masa, zan ƙwace masa ɗan'uwan da ya rage masa, in kuma ƙwace masa kwanciyar ran da yake da ita cewa Inna ta cika a hannun ɗanta. In na yi shiru, zan tsaya ina kallo ya yafe wa wanda bai yi laifi ba, ko kuma ya ji gaskiya daga bakin baƙo. Ba tsoron fushinsa nake yi ba. Tsorona shi ne ya sake yin shiru ya kalli ƙasa, ya ce ba komai.

Malamai, iyaye, 'yan'uwa masu karatu, ku taimake ni don Allah. Me zan yi?