Sunan Baba a Kundin Gidan Ƙungiya

Alabama, 4 ga Oktoba, 1985

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama kuna lafiya. Albishirinka: tsohuwar ƙungiyarku ta ɗalibai ta ɗauke ni cikin sababbin shiga. Amma fa ana shan jiki. Ban da shara da wanke-wanke, dole mu haddace kundin tsofaffin 'yan gidan ƙungiyar, sunan kowa da shekarar da ya gama jami'a, kafin rantsuwar zama cikakkun 'yan ƙungiya nan da mako uku. Kwana biyu bayanta kuma jarrabawar lissafi. Na faɗi ta farko, malamin ya ce in na sake, sai in bar sashen injiniya. Na roƙi shugaban gidan, Beau, ya sassauta mini, ya yi dariya ya ce lissafi ba ya gudu. Tsoro nake ji, Baba.

Ɗanka,
Thaddeus

Macon, 9 ga Oktoba

Thaddeus,

Muna lafiya. Madalla da ɗana! Na baza labarin a shagon taya har masu saye sun gaji da ni. Kai kuma ka daina raki, mu da aka sa mu goge matakala da buroshin haƙori ma ba mu mutu ba. Yaron nan Beau ya yi gaskiya. Ka riƙe kundin, kada ka ba ni kunya a gidan ƙungiyata. Mamarka ta aiko maka da kek ɗin dankali.

Babanka,
Orrin

Alabama, 16 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Kek ya iso, 'yan gida sun cinye. Jiya hadda ta kawo mu shafinku. Ga sunanka nan, Orrin Whitlock, amma gurbin shekara fanko ne. Na ɗauka mantuwa ce, na tambaya. Beau ya ce, a gaban kowa, wanda aka sallama bai gama ba haka ake barin nasa. Na ce ƙarya yake yi, saura kaɗan mu dambace. Ka rubuto in nuna masa.

Ɗanka,
Thaddeus

Macon, 21 ga Oktoba

Ɗana,

Ba ƙarya ya yi ba. Shekara biyu na yi a can, na haddace sunan kowa, na faɗi darasi huɗu. Kunya ta hana ni faɗa maka. Ajiye kundin nan ka ɗauki littafinka, rantsuwar ta wuce ka in za ta wuce.

Kada ka kira mamarka tukuna. Ita ma ba ta sani ba, yau zan gaya mata da bakina.

Babanka